Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Nasiha Ga Uwargida Kan Amanar Ciyar Da 'Ya'ya

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicce mu, Yake ciyar da mu, Yake shayar da mu, ba don wayonmu ko dabararmu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwa mai karatu, nasiharmu ta wannan fitowa ta samo asali ne daga tambayar da wata baiwar Allah ta yi a wajen ta'alimin mata a nan Birnin Yauri. Cewa ta yi, "Malama, mutanen nan da gwamnati kan turo gida-gida da sikeli da allon awo, su auna yara, su huda musu ɗan yatsa su ɗauki jini, su yi ta tambayarmu abin da muka ci jiya, shin ya halatta mu saurare su? Kuma ina amfanin abin, tunda ko ƙwayar hatsi ba sa bar mana?" Na san da yawa daga cikinmu suna da wannan tambaya a zuci, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna ta a wannan fili.

Shin binciken abinci yana da asali a Musulunci?

Ƙwarai kuwa yana da shi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa lokacin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya so ya yanka wa jama'a abinci daga baitulmali, bai yi kirdado ba. Sai ya sa aka ɗebo alkama cikin wani ma'auni da ake kira jaribi, aka niƙa, aka gasa gurasa, aka zuba mata mai, ya kira mutum 30 suka ci da rana har suka ƙoshi. Da dare ya sake yin haka. Da ya ga jaribi biyu sun ishi mutum 30 a yini guda, sai ya gane za su ishi mutum ɗaya kwana 30, ya yanka wa kowa jaribi biyu a wata, namiji da mace. Kin ga wannan shi ne bincike: a gwada, a auna, sannan a yanke hukunci, kuma da dukiyar al'umma aka yi shi.

Haka nan an ruwaito cewa wata rana ayarin fatake ya sauka a Madina, Umar (RA) da Abdurrahman ɗan Aufu (RA) suka kwana suna gadinsu. Cikin dare Umar ya yi ta jin kukan jariri, har sau uku yana zuwa wajen uwar. Daga ƙarshe, ba tare da ta san ko shi wane ne ba, ta shaida masa cewa yaye yaron take yi da ƙarfi, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. A Sallar Asuba mutane ba su iya jin karatunsa sosai ba saboda kuka. Da ya sallame sai ya sa aka yi shela cewa kada wanda ya ƙara gaggawar yaye ɗansa, domin daga ranar kowane jariri yana da rabonsa tun daga haihuwa. Dubi yadda maganar mace ɗaya, da ta faɗi gaskiyar halin da take ciki, ta canja dokar daula. Da ta rufe bakinta, da yara nawa za su ci gaba da wahala?

To 'yar'uwa, masu sikelin nan aikin da suke yi ke nan, su ji halin da gidajenmu suke ciki su kai wa hukuma. Kuɗin da ake kashewa kuwa, ban da gudummawar ƙungiyoyin waje, daga baitulmalin ƙasa yake fitowa, wato haƙƙina da naki. Ashe ke nan sakamakon ma namu ne, ya kamata mu san shi.

Abin da sikeli ya nuna

Tsakanin shekarar 2001 da 2003 an gudanar da binciken abinci da gina jiki na ƙasa baki ɗaya, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta jagoranta tare da hukumomin gwamnatin tarayya. An zaɓi jihohi 12, kuma Kebbi na cikinsu. An gano cewa kashi 42 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma kusan uku cikin kowane yara goma suna da ƙarancin bitamin A a jikinsu.

Akwai kuma binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kan yi bayan 'yan shekaru. A na shekarar 2018 an shiga gidaje sama da 40,000 a faɗin Nijeriya. Sakamakon ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran ƙasar nan sun tsumbure. Amma da aka zo kan jihohi, Kebbi ce ta fi kowace jiha, da kashi 66 cikin 100. Ma'ana, idan kika tara yara uku, biyu daga cikinsu ba su yi girman da ya kamace su ba. A wannan binciken dai, kashi 58 cikin 100 na matan ƙasar nan masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara. Ta fuskar zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma yana shanye jinin yaro, Kebbi ce kan gaba: kashi 52 cikin 100 na yaran da aka gwada a 2018 suna ɗauke da ƙwayar cutar, a binciken 2021 kuma kashi 49.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan fa jihar da ake yi wa kirari da shinkafa ce, jihar da shugaban ƙasa ya zo har Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance. Mu kuma nan ƙasar Yauri, daga Shanga zuwa Yelwa, daga Ngaski zuwa Wara, muna bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968 muke zaune a gefen ɗaya daga cikin manyan tafkunan ƙasar nan. Motoci suna lodin kifi da albasa daga kasuwar Yauri zuwa kudu da arewa. Idan wannan ba shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa ba, to mene ne?

Ba na musun cewa akwai talauci, ga tsadar kaya, ga rashin tsaro da ya hana wasu zuwa gona. Wannan nauyi ne a wuyan shugabanni, kuma Allah zai tambaye su. Amma akwai kason da yake hannunmu mu masu riƙe da ludayi. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa kowannenmu makiyayi ne da za a tambaya kan abin da aka ba shi kiwo, kuma Manzon Allah (SAW) ya ambaci mace da kanta a kan gidan mijinta da 'ya'yansa. A kan wannan kason nake son mu tsaya.

Kwana dubu na farko

Masana sun tabbatar cewa mafi yawan tsumburewa tana faruwa ne daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kimanin kwana 1,000 ke nan. A wannan lokaci ne ƙwaƙwalwa da ƙashi suke ginuwa da sauri, kuma abin da yaro ya rasa a nan da wuya a mayar masa da shi gaba ɗaya daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tsumbure ya fi saurin kamuwa da ciwo, kuma sau da yawa karatu kan yi masa nauyi, na allo da na boko. Yarinyar da ta tsumbure kuwa, idan ta girma takan fi fuskantar wahalar haihuwa, ta kuma haifi ɗan ƙaramin jariri, abin ya yi ta zagayawa.

Yanzu ki buɗe Alƙur'ani ki duba aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, inda Allah (SWT) Ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika ta, Ya kuma ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Ki haɗa wata 24 da wata tara na ciki, ki lissafa da kanki. Lokacin da masu bincike suka ce a fi kula da shi, shi ne lokacin da Ubangijinmu Ya riga Ya ja hankalinmu a kai.

Dakashi da nono zalla

Abu na farko shi ne dakashi, ruwan nonon farko mai kauri mai launin rawaya. A wasu gidaje har yau ana matse shi a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙa ɗura wa jariri ruwa ko madarar dabba kafin a ce nono ya gyaru. Wallahi wannan asara ce. Dakashi cike yake da sinadaran da ke kare jariri daga cututtuka, shi ne rigakafinsa na farko. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa. Babu aya ko hadisin da ya ce a zubar da dakashi, al'ada ce kawai.

Na biyu, tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba kunu, sai maganin da likita ya rubuta. Na san abin da za ki ce: "Malama, da wannan zafin na bazara?" Ki sani fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta da Allah Ya tace da kanSa. Ruwan kogi ko na randa da za ki ba shi yana iya zuwa da gudawa, ya kuma cika masa ɗan cikinsa ya kasa tsotso. Idan zafi ya yi yawa, ke ki sha ruwan, shi ki ƙara ba shi nono. A binciken 2018, kashi 29 cikin 100 kacal na jariran ƙasar nan 'yan ƙasa da wata shida ne ke samun nono zalla.

Tahniki sunna ce, kuma ɗan shafa dabinon da aka tausasa ne a dasashin jariri, ba ciyarwa ba ce. Addu'a kuwa a tofa masa, in rubutu ne uwa ta sha. Zuma kada a ba yaro sai ya cika shekara, domin hanjinsa bai yi ƙwarin da zai iya da wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ba. Waɗannan abubuwa a bi iyaye da surukai da ladabi a fahimtar da su, domin ƙauna ce ta sa suke yin abin da suke yi.

Sai maganar kwanika, wato mace ta sami ciki tana goyo. Da zarar haka ta faru sai a cire yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, wai nonon ya zama guba. A shekarun 1930 wata likitar gwamnati a ƙasar da ake kira Gana yanzu, Dokta Cicely Williams, ta yi bayanin ciwon nan na kumburin yara da jan gashi, ta kira shi da sunan da mutanen wurin ke kiransa, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka ture saboda ƙanensa. A Sahihu Muslim kuwa ya zo cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai bai hana ba. Malamai sun fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu kuma suka ce shayarwa da ciki. Ki lura da yadda Manzon Allah (SAW) ya yi la'akari da abin da aka gani a wajen wasu al'ummu. Idan cikin lafiyayye ne, kina iya ci gaba da shayarwa, ki ƙara cin abinci, ki nemi shawarar ma'aikaciyar asibiti, yaye kuma a yi shi sannu a hankali.

Abin da ke cikin kofin yaro

Bayan wata shida nono kaɗai ba ya isa, a nan ne kuma yawancin yaranmu suke fara ramewa. Dalili shi ne tsararon koko da muke ba su, wanda ke cika ciki amma ba ya gina jiki. Kunun yaro ya zama mai kaurin da ba zai zube daga cokali da sauri ba. Awon da ma'aikatan lafiya da dama ke koyarwa shi ne gwangwani shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, domin tana da dafin da ke lalata hanta.

Mu kuma Allah Ya ba mu abin da wasu ba su da shi. Aya ta 14 cikin Suratun Nahli ta lissafa ɗanyen naman da ake fitarwa daga ruwa cikin ni'imomin Allah. Akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken kifi a Sabuwar Bussa, wadda ta faro daga aikin binciken tafkin Kainji a 1968, kuma cikin kifayen da ta daɗe tana nazari har da warangi, ɗan mitsitsin kifin nan da muke rainawa. Ƙananan kifaye irinsa da ake ci gaba ɗaya, da kai da ƙaya, suna ɗauke da sinadaran gina jiki da na ƙarfafa ƙashi da na ƙara jini. Abin takaici, buhu-buhu ake sayar da shi har ga masu haɗa abincin kaji, yaranmu kuwa suna shan farin koko. Ki sami busasshe mai tsabta, ki ɗan gasa, ki daka ya yi laushi, ki tankaɗe, ki riƙa zuba cokali guda a kunu ko faten yaro. Ki haɗa da garin zogale ko kuka, da kabewa, da ɗan manja, da wake, da ƙwai in ya samu. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata camfi ne, kuma Musulunci ya yaƙi camfi.

Daga wata shida zuwa takwas a ba shi sau biyu zuwa uku a rana, daga wata tara zuwa shekara biyu sau uku zuwa huɗu, tare da nono. Ki ware masa kwanonsa, domin idan kika haɗa shi da yayyensa kafin ya kai loma biyu sun sharce. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu.

Ke ma amana ce

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mace mai ciki ko mai goyo da ke raba wa kowa nama ta tashi da ƙanzo, ba ta kyauta wa kanta da abin da ke cikinta ba. A Suratu Maryam, lokacin da naƙuda ta kama Nana Maryamu (AS), an umarce ta da ta girgiza dabino ta ci, ta sha. Ko azumin Ramadan, wanda rukuni ne, shari'a ta yi wa mai ciki da mai shayarwa rangwame idan suka ji tsoron cutuwa, kamar yadda muka karanta a Risala, sai a tambayi malamai yadda ramuwa da ciyarwa suke. Ki je awon ciki, ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum ko da ta sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba illa ba ce. Ki raba shayi da lokacin cin abinci domin yana rage shigar sinadarin ƙara jini, lemo kuwa yana taimaka masa. Ku kwana cikin gidan sauro ke da yara.

Ga mai cewa masu bincike ba su bar mana komai ba, ga amsa. Saboda binciken da ya nuna yawan maƙoƙo ne aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri a 1993, kuma rashin aidin ga mai ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Daga 2002 aka tilasta wa masana'antu sa bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki, hukumar NAFDAC na sa ido, alamar kuwa hoton ido ne a jikin kayan. Ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata shida zuwa shekara biyar, shuɗi ga ƙanana, ja ga waɗanda suka cika shekara, shi ma bincike ne ya nuna yana kare ido daga dundumi yana kuma rage mutuwar yara. Ki sayi gishirin leda mai aidin, ki adana shi a rufe nesa da murhu. Idan an auna damtsen yaro da tef ɗin nan mai launi uku ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, tamowa ce mai tsanani, a garzaya asibiti a ranar.

Haƙƙinki ne ki yi tambaya

Tsoron da wasu ke ji yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Saboda haka Musulma ba ta miƙa ɗanta ido rufe. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta koya mana tabbatar da labari kafin aiki da shi. Ki tambayi katin shaidarsu, ki ji ko mai unguwa ko hakimi ya san da zuwansu, ki nemi izinin maigida, ki nemi mace ta yi miki tambayoyin. Dole su yi miki bayani da harshen da kike ji, kuma kina da ikon ki ce a'a. Amma idan kin amince, to ki faɗi gaskiya. Kada kunya ta sa ki ce kun ci nama alhali ba ku ci ba, kada kuma kwaɗayin tallafi ya sa ki ƙara gishiri. Amsarki shaida ce, da ita za a yi wa dubban yara lissafi.

Saƙo zuwa ga maigida

Ki karanta wa maigida wannan shafi cikin hikima, a lokacin da ransa yake sanyi. Ki tuna masa hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) da ke nuna cewa har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa yana da lada a kanta, da wanda Abu Dawuda ya ruwaito cewa tozarta waɗanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi. Masunci ya ware na gida kafin ya kai kasuwa. Manomi ya bar wake da gyaɗa a rumbu. Wanda ke tsayawa teburin mai shayi ko wajen mai tsire shi kaɗai, ya tuna da mai goyon da ya bari a gida.

Daga ƙarshe, 'yar'uwa, rai da ajali a hannun Allah suke, amma wanda ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta tukuna. Nana Asma'u 'yar Shehu, Allah Ya ji ƙanta, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata ta hanyar 'Yan Taru. Mu ma kowace ta ɗauki abu ɗaya daga wannan nasiha ta kai wa maƙwabciyarta, a gidan suna ko a Islamiyya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya raya mana zuriya bisa Musulunci da ƙoshin lafiya, Ya yalwata wa mazajenmu arziki na halal, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.